HULƊAR NIJERIYA DA MANYAN ƘASASHEN ASIYA

Sau da yawa jama'a sukan yi tambaya, shin mene ne amfanin kuɗin da Gwamnatin Tarayya take kashewa wajen ajiye jakadu a ƙasashen da ke can bangon duniya, irin su Sin da Indiya da Japan? Maƙwabta dai an san dalilinsu. Nijar da Cadi da Kamaru da Binin, iyaka ɗaya ce, dangi ɗaya ne, kasuwa ma ɗaya ce. Amma mutumin da jirgin ruwa zai yi wata guda ko fiye kafin ya isa ƙasarsa, ina ruwan Nijeriya da shi? Tambaya ce mai ma'ana, ta kuma cancanci a amsa ta filla-filla, domin kuɗin na jama'a ne.

Rabin amsar yana cikin kasuwa. Wanda duk ya shiga Kantin Kwari a Kano, ko babbar kasuwar Onica, ko Alaba a Ikko, ya tambayi asalin atamfa da babur da keke mai ƙafa uku da wayar hannu da janareta da fitila mai aiki da hasken rana da maganin zazzaɓi, zai tarar mafi yawansu daga Sin ko Indiya suka fito. Ɗaya rabin kuwa yana gona. Manomin riɗi a Jigawa ko Nasarawa ko Binuwai, wanda bai taɓa ganin teku ba, farashin buhunsa yana hawa da sauka ne gwargwadon abin da masu matse mai a Japan da Sin suka yarda su biya. Watau ke nan nisan yana kan taswira ne kawai, amma abin da ya faru a can, aljihun mutum a nan ne yake fara jin sa.

Yadda Zumuncin Ya Fara

Indiya ce ta riga kowa. Ta buɗe ofishinta a Ikko tun cikin Nuwamba 1958, kusan shekara biyu kafin samun mulkin kai, kuma Firayim Ministanta, Jawaharlal Nehru, ya ziyarci Nijeriya a 1962, zamanin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙasashen biyu duk Ingila ce ta mallake su, saboda haka harshen ofis da tsarin shari'a da tsarin soja duk sun zo kusa da juna. Da aka kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja a Kaduna a 1964, hafsoshin Indiya ne suka taimaka aka ɗora ta a kan ƙafafunta, kuma kwamandanta na farko, Birgediya M. R. Varma, Ba'indiye ne. Uku daga cikin waɗanda suka shugabanci ƙasar nan, watau Obasanjo da Buhari da Babangida, duk sun taɓa samun horon soja a Indiya. Dattawa da yawa, musamman a jihohin Arewa, har yanzu suna tuna malaman lissafi da na kimiyya 'yan Indiya da suka koyar da su a makarantun sakandare. A 1979 kuma aka damƙa wa ƙwararrun jirgin ƙasa na Indiya ragamar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya har na tsawon shekara uku.

Da ƙasar Sin kuwa abin bai zo da wuri ba. A shekarun farko na mulkin kai gwamnati tana ɗari-ɗari da ƙasashen gurguzu, sa'an nan a lokacin yaƙin basasa Sin ba ta tsaya tare da Gwamnatin Tarayya ba. Sai da yaƙi ya ƙare, ranar 10 ga Fabrairu 1971, aka ƙulla hulɗar jakadanci. Ba a yi wata tara ba sai ranar sakayya ta zo. Ranar 25 ga Oktoba 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a a kan wace gwamnati ce za ta riƙe kujerar Sin, ta Bejin ko ta tsibirin Taiwan. Ƙasashe 76 suka zaɓi Bejin, 35 suka ƙi, 17 suka yi rowar ƙuri'arsu. Nijeriya tana cikin 76 ɗin nan, tare da ƙasashen Afirka masu yawa. Janar Yakubu Gowon ya kai ziyara Sin a 1974.

Wannan ƙuri'a abin lura ce, domin ta nuna irin jarin da ƙasa take da shi wanda ba kuɗi ba ne. A zauren Majalisar kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya take da ita, kuma Afirka tana da fiye da hamsin. Manyan ƙasashe suna bukatar waɗannan ƙuri'u, suna kuma sane da cewa idan Nijeriya ta karkata wani gefe, akwai masu bin sahunta. Saboda haka ba roƙo jakadan Nijeriya yake zuwa yi ba, yana da abin bayarwa. Maganar Taiwan ma ba ta mutu ba: a Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta umarci ofishin cinikin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Ikko, don a tabbatar da cewa gwamnatin Sin ɗaya kaɗai Nijeriya ta sani.

Darasin Shekarar 2014

Wanda yake son ya gane dalilin neman abokai a nesa, sai ya dubi abin da ya sami man fetur. Shekaru da dama Amurka ce babbar mai sayen ɗanyen man Nijeriya. A wajen 2007 tana ɗaukar fiye da ganga miliyan ɗaya kowace rana, watau kusan rabin abin da ake fitarwa. Man Nijeriya mara nauyi ne, ba shi da ƙibiritu da yawa, yana da sauƙin tacewa, ga shi kuma tsallaka Tekun Atalantika kawai zai yi. Kowa ya ɗauka wannan ciniki ba shi da ranar ƙarewa.

Sai injiniyoyin Amurka suka gano dabarar farfasa wani irin dutse a ƙarƙashin ƙasa su tatso man da ke maƙale a cikinsa. Man da suka samu kuwa irin na Nijeriya ne sak, mara nauyi. Cikin 'yan shekaru kaɗan sayayyarsu ta yi ta raguwa, har a watan Yuli 2014 ko ganga ɗaya ba ta shiga Amurka daga Nijeriya ba, abin da ba a taɓa gani ba tun 1973. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma wani laifi Nijeriya ta yi ba. Mai saye ne kawai ya sami nasa a gida.

Wa ya ɗauki man? Turai ta ɗauki wani kaso, amma Indiya ce ta zama ta ɗaya a cikin masu saye, ta kuma riƙe wannan matsayi na wasu shekaru. Da a ce babu ofis, babu sanayya, babu yarjejeniya tun 1958, da neman sabon mai saye a tsakiyar tsaka mai wuya ya fi haka ɗaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. To, amma labarin bai tsaya nan ba. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, Rasha ta riƙa sayar da manta da rangwame, Indiya kuwa ta juya can, sayayyarta daga Nijeriya ta ragu ƙwarai. Ba a zarge ta ba, domin kowace ƙasa amfanin mutanenta take fara dubawa. Abin da Nijeriya ta koya sau biyu ke nan cikin shekara goma: ɗan kasuwar da mai sayensa guda ɗaya ne, ba shi yake yanka farashi ba, ba shi kuma yake zaɓen ranar da za a bar shi ba. Wannan ne ya sa ake ƙulla zumunci da Gabas ba tare da an yanke na Yamma ba, aka kuma karɓi matsayin abokiyar hulɗa a ƙungiyar BRICS a Janairu 2025 alhali ana nan cikin Kwamanwel da OPEC.

Hanyar da Kaya Ke Bi

Jirgin da ya ɗauko kaya daga Sin zai gangaro kudu, ya ratsa mashigin Malaka tsakanin Malesiya da Indonesiya, inda kusa da Singafo hanyar jirage ba ta kai faɗin kilomita 3 ba. Daga nan ya tsallaka Tekun Indiya, ya zagayo ƙusurwar Afirka ta Kudu, sa'an nan ya hauro arewa zuwa Apapa ko Lekki ko Onne. Jirgin mai kuwa ya bi hanyar nan a juye. Waɗannan wurare ne ake kira masu muhimmanci, domin 'yar ƙaramar fitina a ɗayansu takan taɓa duniya baki ɗaya. Daga ƙarshen 2023, da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka daina bin mashigin Suwez suka koma zagaye Afirka. Galibin kayan Asiya masu zuwa Ikko ba ta Suwez suke bi ba tun asali, amma duk da haka sun ji a jikinsu, don jirage da kwantena sun yi ƙaranci, kuɗin dako ya tashi a ko'ina, mai sayen kwano a ƙauye ya biya bambancin.

Abin da Ake Saye da Abin da Ake Sayarwa

A nan ne gizo yake saƙa. Bisa ƙididdigar hukumar kwastan ta Sin, cinikin ƙasashen biyu a 2023 ya haura dala miliyan dubu 22, amma cikin kowace dala goma, kusan tara na kayan da Sin ta sayar wa Nijeriya ne. Abin da Nijeriya take aikawa kuwa yawancinsa ɗanye ne: mai da iskar gas da ma'adinai da riɗi da fatu. Yazawar jihar Kogi takan tafi Biyetnam da Indiya da ɓawonta, a can a fasa ta, a soya, a zuba a leda, a sayar wa Turai da ninkin farashi. Ladan fasawa da na suya da na ɗauri, watau aikin yi na dubban mutane, duk a can yake zama.

Tarihin masaƙun Kaduna ya ishi kowa misali, kuma yana da ban mamaki, domin mutanen Asiya suna cikin waɗanda suka gina su. Masaƙar Kaduna ta farko an buɗe ta a 1957 tare da wani kamfanin Ingila. A 1964 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi-ming, ya kafa masaƙar UNTL, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Masaƙar Arewa kuwa da jarin kamfanonin Japan aka kafa ta. A lokacin, audugar Funtuwa da Gusau da Gwambe tana da inda za ta, unguwar Kakuri kuma ba ta barci saboda ma'aikata masu canjin aiki dare da rana. Daga baya wutar lantarki ta yi rauni, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa, sa'an nan atamfa mai araha daga Sin ta riƙa kwararowa, da yawanta ta ɓarauniyar hanya, wani lokaci ma da zanen masaƙun gida da tambarinsu a jikinta. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007.

Kuskure ne a ɗora wa baƙo laifin duka. Ba Basine ne ya hana wutar lantarki ba, ba shi ne kuma yake buɗe iyaka da tsakar dare ba. Sai dai abin ya nuna bambanci tsakanin hulɗa iri biyu. Baƙon da ya zo da injinsa ya kafa a nan, ya sayi audugar gida, ya ɗauki 'ya'yan gida aiki, shi ne abokin arziki. Wanda ya tsaya a ƙasarsa yana aiko da dila kawai, abokin ciniki ne, ba laifi, amma ba ya cika gari da albashi. Aikin jakadu da ma'aikatun ciniki shi ne su jawo na farkon.

Akwai kuma bukatar nesa da takan zama annoba idan ba a sa mata linzami ba. A Sin ana dafa fatar jaki a yi wani maganin gargajiya mai tsada. Bukatar fatar ta sa aka riƙa kwasar jakuna daga kasuwannin Arewa ana yankawa, farashin jaki ya fi ƙarfin talakan da yake ɗebo ruwa da kai taki gona da shi, ga shi kuma jaka ba ta haihuwa sai bayan shekara guda da ɗaukar ciki. Sai a Fabrairu 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakuna don fatarsu a nahiyar duka. Haka itacen madobiya ya sha sara a dazukan Taraba don masu yin kujeru a Sin, har a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobi. Ba kowane mai saye da kuɗi a hannu ake sayar wa komai ba.

Bashi da Ayyuka

Abin da jama'a suka fi gani da ido shi ne manyan ayyuka. Layin dogo daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, mai tsawon kilomita 186, kamfanin CCECC na Sin ne ya gina shi, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Sin mai kula da shige da ficen kaya, aka buɗe shi a Yuli 2016. Na Ikko zuwa Ibadan ya biyo baya a Yuni 2021. Tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Lekki an ƙaddamar da ita a Janairu 2023. Madatsar ruwan Zungeru a jihar Neja, mai ƙarfin megawat 700, ita ma da rancen Sin aka yi ta.

Ya kamata jama'a su san abu biyu game da wannan bashi. Na ɗaya, ba shi ne mafi yawan abin da ake bin ƙasar nan ba, kamar yadda ake ta yayatawa. A ƙarshen 2023 bashin waje duka ya kai wajen dala miliyan dubu 42, na Sin kuwa wajen miliyan dubu 5. Bankin Duniya da masu takardun lamuni sun fi ta bin Nijeriya nesa ba kusa ba. Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, rance ne, ba kyauta ba, kuma da kuɗin waje ake biyan sa. Idan naira ta faɗi, bashin ya ƙara nauyi ko da ba a ƙara cin kwabo ba. Bayan harin da aka kai wa jirgin Kaduna a Maris 2022, jirgi ya tsaya cak har zuwa Disamba, babu fasinja, babu kuɗin tikiti, amma ranar biya ba ta matsa ba. Saboda haka wanda ya kwance ƙusar layin dogo ya sayar wa 'yan gwangwan, ko ma'aikacin da ya karkatar da kuɗin tikiti, ba gwamnati kaɗai ya cuta ba. Ya ƙara wa 'ya'yansa bashin abin da ba za su mora ba.

A 2018 Babban Bankin Nijeriya ya ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi da na Sin, ta yuwan miliyan dubu 15, aka kuma sabunta ta a 2021 da 2024. Manufarta ita ce ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Sin ya ba da naira a banki ya sami yuwan kai tsaye, ba sai ya fara farautar dala ba. Dabara ce mai kyau, amma idan aka auna ta da yawan cinikin shekara guda, cikin cokali ce. Ba za ta maye gurbin sayar musu da kaya masu yawa ba.

Aikin Jakada, da Abin da Ba Aikinsa Ba

Jakada buɗe ƙofa yake yi. Shi ne yake shirya ganawar shugabanni, kamar ziyarar Shugaba Bola Tinubu a Sin a Satumba 2024 da ta Firayim Minista Narendra Modi a Abuja a Nuwamba na wannan shekarar. Shi ne yake bin sawun yarjejeniya bayan an tashi daga taro. Shi ne kuma garkuwar ɗan ƙasa a baƙon wuri. A Afrilu 2020, lokacin annobar korona, da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da masaukai a birnin Guangzhou, inda fataken Nijeriya suke da yawa, ma'aikatan ƙaramin ofishin jakadanci ne suka tsaya musu a can, a Abuja kuma Ministan Harkokin Waje, Geoffrey Onyeama, ya kira jakadan Sin ya nuna masa rashin amincewar gwamnati. Zumunci bai hana a faɗi gaskiya ba. Shi ne ma ya ba da bakin faɗar ta.

Amma jakada ba zai iya sayar da kayan da suka lalace ba. Ƙasashe irin su Japan suna auna kowane kaya da ya sauka a tasharsu, su duba ragowar maganin ƙwari da dafin fumfuna, kuma idan kaya suka faɗi awo ba sunan dillalin ake tunawa ba, sunan ƙasar ake rubutawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya baki ɗaya, saboda maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake zuba masa a rumbu ya wuce kima. Masu laifi da marasa laifi duka suka rasa kasuwar. Manomin da ya shanya riɗinsa a kan tamfol ba a ƙasa ba, ya bari ya bushe sarai kafin ya ɗura a buhu, da ɗan kasuwar da ya ƙi haɗa shi da yashi don ƙara nauyi, suna yi wa ƙasa aikin da babu jakadan da zai iya yi. Wanda yake son fitar da kaya sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, wadda aka kafa tun 1976, ya kuma nemi takardar shaidar lafiyar amfanin gona kafin kaya su bar tasha.

Haka nan jakada ba shi da ikon soke dokar wata ƙasa. Sin da Indonesiya da Singafo suna yanke hukuncin kisa a kan fataucin miyagun ƙwayoyi, sun kuma sha zartar da shi. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda aka kashe a Indonesiya a 2015 da 2016, duk da roƙon sassauci da Gwamnatin Tarayya ta yi. Abin da ofishin jakadanci zai iya yi wa wanda aka kama shi ne ya ziyarce shi, ya ga an ba shi lauya da tafinta, ya sanar da danginsa. Don haka matafiyi kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da na ɗan'uwa ne, sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki da idonsa. Kada ya wuce kwanakin bizarsa ko da kwana ɗaya. Ya nemi biza ta hanyar ofishin ƙasar da za shi, ba ta hannun masu alkawarin aiki a bakin titi ba, idan kuma ya sauka ya kai sunansa da adireshin masaukinsa ofishin jakadancin Nijeriya mafi kusa, ya ajiye hoton fasfonsa a wani wuri dabam da fasfon.